Ɓarnar Da Ke Cin Ribar Injinan Casar Shinkafa A Ƙasar Bakolori

Tun daga tsakiyar shekarar 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, ta kuma bar kasuwa ta yanke darajar Naira, masu ƙananan masana'antu a ƙasar nan suka shiga wani hali na matsi irin wanda ba su saba gani ba. Kuɗin man gas ya haura Naira 1,000 kowace lita, kayan gyaran inji da ake shigowa da su daga ƙasashen waje suka yi tashin gwauron zabi, kuɗin mota ma ya bi sahu. A cikin watan Yuli na 2024 kuma gwamnati ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da waɗansu kayan abinci har na tsawon kwana 150, cikinsu har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba, domin a sassauta wa talakawa tsadar abinci. A cikin 2025 farashin shinkafa ya sauko a kasuwanni. Mai saye ya sami sauƙi, amma mai inji ya tarar kuɗin da yake kashewa wajen casa bai sauko tare da farashin ba.

Wannan al'amari ya shafi ƙananan hukumomi uku na Jihar Zamfara ƙwarai da gaske, watau Talata Mafara da Bakura da Maradun, domin a ƙasarsu aikin noman rani na Bakolori yake, kuma casar shinkafa tana cikin manyan sana'o'in inji da jama'arsu suka dogara a kai. Koke-koken da aka fi ji daga bakin masu wannan sana'a guda uku ne: a hana shigo da shinkafar waje, a ba da rance mai sauƙin ruwa, a kawo manyan injina na zamani. Kowane ɗaya yana da hujjarsa, amma dukansu a hannun waɗansu suke, sai an jira Abuja ko an jira banki. Akwai kuwa hanya ta huɗu wadda take hannun mai inji da manomi da matan da ke turara shinkafa, ita ce toshe ɓarnar da ke aukuwa tsakanin gona da buhu. In aka yi lissafi a tsanake, za a ga abin da ke zubewa a wannan tsakani ya kai amfanin dubban kadada na gona.

Abin Da Bakolori Ta Koyar

Kafin a shiga ɗakin inji, ya kamata a waiwayi tarihin madatsar ruwan kanta, domin babu wurin da ya fi ta nuna abin da kan faru in aka sayi babban inji ba a tanadi yadda za a riƙe shi ba. An fara gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a cikin 1974, aka gama a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tsawon madatsar ya kai kilomita 5 da rabi, an kuma shirya ta riƙe ruwa mita miliyan 450 na awon cikin tafki. An yi niyyar ba da ruwa ga gonaki kadada 23,000. Daga ciki, kadada 8,000 za su sha ruwan da ke gangarowa da kansa ta magudanai, sauran kadada 15,000 kuwa sai an tura musu ruwa da famfuna ta cikin bututu, ya riƙa sauka kamar yayyafi. An kuma haɗa wa madatsar ƙaramar tashar lantarki mai ƙarfin megawat 3.

Aikin ya ci dukiya mai yawa, ya kuma ci abin da ya fi dukiya. An tayar da dubban iyalai daga gidajensu da gonakinsu, rikicin biyan diyya ya yi tsanani, har ya kai ga a cikin watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, aka yi asarar rayuka masu yawa. Mazauna fadamun da ke ƙasa da madatsar su ma suka rasa ambaliyar da ke shayar da shinkafarsu kowace damina.

Bayan duk wannan sadaukarwa, ɓangaren bututun yayyafi, wanda shi ne kashi biyu cikin uku na aikin, bai daɗe yana aiki ba. Famfunan suna bukatar wutar da ba ta yankewa, da kayan gyara daga Turai, da ƙwararrun da za su kula da su kullum, ga shi kuwa ba a yi wa ko ɗaya daga cikinsu tanadi mai ɗorewa ba. Tashar lantarkin ta shafe shekaru da dama ba ta aiki. Ya zuwa 2003, abin da ake nomawa da ruwan madatsar bai wuce kadada 7,500 ba, duka kuwa a ɓangaren ruwa mai gangarowa da kansa. Sai da aka zo shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da rancen Dalar Amurka kusan miliyan 495 domin ayyukan noman rani a arewa, sa'an nan aka shiga gyaran magudanan Bakolori, da niyyar farfaɗo da kimanin kadada 13,500. Abin lura shi ne, masu gyaran ba su koma ga bututun yayyafi ba. Sun mayar da wani sashe na filin zuwa tsarin magudanai, watau tsarin da manomi da lebura za su iya gyarawa da abin da ke hannunsu.

Irin wannan darasi yana nan a Gusau. Masaƙar Zamfara, wadda aka kafa a cikin shekarun 1960 a tsakiyar ƙasar auduga, ta ciyar da dubban mutane a zamaninta. Gwamnatoci sun sha hana shigo da yadi domin kare irinta, amma tsadar wuta da baƙin mai, da tsufan injina, da fasa-ƙwauri suka haɗu suka durƙusar da ita, kamar yadda suka yi wa 'yan uwanta na Kaduna da Kano. Rufe iyaka yana saya wa masana'anta lokaci, amma in ba ta yi amfani da lokacin ta rage kuɗin da take kashewa a kan kowane yadi ko kowane buhu ba, ranar da aka buɗe iyakar za ta tarar da kanta inda take. Masu casar shinkafa sun ga hakan da idonsu: an rufe iyakokin ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, kasuwa ta buɗe musu, injina suka yawaita, amma da iska ta juya a 2024 sai da yawa suka rasa madafa.

Lissafin Buhu Ɗaya

Shinkafa samfarera, watau wadda ba a ɓare ba, kashi uku ce. A cikin kowane kilo 100, kimanin kilo 20 ɓuntu ne, kilo 8 zuwa 10 dusa ce, abin da ya rage, wajen kilo 70, shi ne ƙwayar da ake ci. Wannan shi ne iyakar abin da Allah ya sa a cikinta, babu injin da zai ƙara a kai. Aikin mai casa shi ne ya kusanci wannan iyaka gwargwadon iko, ƙwayar kuma ta fito lafiya ba a kakkarye ba.

Injin da ya fi yawa a ƙauyuka da ƙananan garuruwa shi ne mai gangar ƙarfe, wanda ke ɓarewa da gogewa a zubi ɗaya. Asalinsa wani ɗan ƙasar Brazil ne mai suna Engelberg ya ƙirƙiro shi a cikin shekarun 1880. Yana da arha, yana da juriya, kowane makanike kuma ya san cikinsa, shi ya sa ya bazu a duniya. Illarsa ita ce yana murƙushe ƙwaya. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta nuna cewa irin wannan inji kan fitar da kilo 53 zuwa 55 ne kawai daga kilo 100 na shinkafar da ba a turara ba, mafi yawanta kuma a karye. Injin da ke ɓarewa da roba, sa'an nan ya goge a wani mataki dabam, yana iya fitar da kilo 65 zuwa 70. Gaskiya ne turara shinkafa yana ƙara wa ƙwaya tauri, saboda haka injin ƙarfe bai cika ɓarna a kan turarriya kamar yadda yake yi a kan ɗanya ba. Amma wannan sauƙi yana samuwa ne in an yi turarin da shanyar bisa ƙa'ida.

Domin a ga girman abin, a ƙaddara cewa an noma kadada 13,500 ɗin nan duka da shinkafa, kowace kadada ta ba da tan 4 a noma ɗaya. Jimla tan 54,000 ke nan. In aka cashe ta aka sami kashi 55 cikin ɗari, za a tashi da tan 29,700. In kuwa aka sami kashi 65, za a tashi da tan 35,100. Bambancin tan 5,400 ne, watau buhu 108,000 mai kilo 50. Wanda zai nemi wannan adadi ta hanyar faɗaɗa gona, yana casa da tsohon tsari, sai ya share sabuwar ƙasa kusan kadada 2,450, ya haƙa mata magudanai, ya saya mata taki da iri. Ga shi kuwa shinkafar tana nan an riga an noma ta, an biya kuɗin takinta da ruwanta da leburancinta, a bakin inji take salwanta.

Inda Ɓarnar Take Farawa

Yawancin ƙwayar da ke karyewa a cikin inji ta riga ta tsage tun kafin ta iso. Lokacin da ya dace a yanke shinkafa shi ne sa'ad da laimar ƙwayarta take tsakanin kashi 20 da 25 cikin ɗari. In aka yi gaggawa, za a tarar da ƙwaya marar ƙwari da yawa, wadda ke zama gari a inji. In aka makara, rana ta busar da ita da yini, raɓa ta jiƙa ta da dare, wannan kai-da-kawowa shi ke tsaga ƙwaya a cikin ɓawonta, ban da wadda ke kakkaɓewa ƙasa da wadda tsuntsaye ke ci.

Daga nan sai turari, wanda a wannan yanki yawanci sana'ar mata ce a cikin gidaje. Ana jiƙa shinkafar, a turara ta a tukunya ko rabin ganga, a shanya. In ba a wanke ta an tsame marar ƙwaya ba, an ɓata itace wajen dafa ƙaiƙayi. In ta daɗe a ruwan sanyi, sai ta yi tsami da wari. In kuma babu abin da ya raba ta da gindin tukunya, ta ƙasa ta dahu ta ƙone, ta sama ba ta ji tururi ba, buhu ɗaya ya fito da launi uku. Mai saye a birni yana ganin haka sai ya rage kuɗi, ko ya juya ga 'yar waje.

Shanya ita ce mataki na uku. Laimar da ta dace da casa kashi 14 cikin ɗari ce. Wadda ta fi haka laima tana dagargajewa ta toshe rariyar inji, wadda kuma ta bushe ƙayau a zafin rana tana karyewa kamar gilashi. Mafi yawan masu sana'ar da haƙori suke gwadawa, alhali akwai ɗan ƙaramin ma'aunin laima na hannu wanda kuɗinsa bai kai asarar mako guda ba. Har wa yau, shanya a gefen titi ko a kan ƙasa ita ke kawo tsakuwa da yashi. Tsakuwa kuwa ɓarna biyu take yi: tana fasa rariya da cinye roba a cikin inji, tana kuma zubar da mutuncin shinkafar gida a idon mai dafawa. Tamfal ko daɓen siminti ya isa ya magance wannan.

Cikin Ɗakin Inji

A ƙasar Japan, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin motoci na Toyota ya sami kansa ba kuɗi, ba isassun kayan aiki, ga manyan kamfanonin Amurka sun yi masa nisa. Wani injiniyansa, Taiichi Ohno, ya ɗauki shekaru yana tsayawa a tsakiyar masana'anta yana lura da abin da ke cin lokaci da kuɗi ba tare da ya ƙara wa mota daraja ba. Ya kasa ɓarna gida bakwai: yin abin da ya wuce bukata, da zaman jira, da jigilar da ba ta da dalili, da aikin da ya wuce kima, da tara kaya, da zirga-zirgar ma'aikaci a banza, da fitar da kaya mai aibi. Ya bayyana tsarin a littafin da ya wallafa a 1978, shekarar da aka gama madatsar Bakolori. Abin da ya sa tsarin ya dace da mai ƙaramin ƙarfi shi ne, farkonsa lura ce da awo, sayen inji yana zuwa ne daga baya.

Duk bakwai ɗin ana samunsu a ɗakin casa. Zaman jira shi ne inji ya tsaya kwana uku saboda bel ya tsinke ko rariya ta fashe, sai an aika Gusau ko Sakkwato ko Kano, ma'aikata na zaune, buhunan jama'a na jibge. Shi ne kuma a bar inji yana ruri yana shan man gas alhali ba a zuba masa komai ba. Aikin da ya wuce kima shi ne a mayar da shinkafa cikin inji sau biyu ko uku domin ta yi fari, kowane zagaye kuwa yana kankare ƙwaya ya mai da ita dusa. Tara kaya shi ne a sayi samfarera da kaka a jibge a kan ƙasa ba katako, laima da ɓera da ƙwari su ci rabonsu. Jigila marar dalili kuwa ita ce babba: duk motar da ta ɗauki tan 30 na samfarera zuwa manyan kamfanonin Kano ko Birnin Kabi ko Argungu, tan 6 na kayanta ɓuntu ne, an biya masa kuɗin mota na ɗaruruwan kilomita. Aikin casar, da ladansa, da dusar, duk sun bi motar sun bar jihar.

Akwai kuma wata ɓarna da tsarin biyan kuɗi ke haifarwa. Yawanci mai inji yana karɓar ladansa ne a kan yawan buhun da aka zuba, ba ya duba abin da ya fito. Yaron inji shi ma sau da yawa a kan yawan buhu ake sallamarsa. Saboda haka ribar kowannensu tana cikin sauri, asarar karyewa kuwa a kan mai shinkafa take faɗawa. Inda kuma al'ada ta bar wa mai inji dusa, to kowace ƙwaya da ta niƙe ta koma aljihunsa ke nan. Wannan ba ya nufin masu inji macuta ne, tsarin ne bai ba su dalilin yin hattara ba. In da za a auna abin da aka zuba da abin da ya fito a kan sikeli, a ƙara lada ga wanda ya fitar da mai yawa kuma lafiyayya, da kowa ya mai da hankali ga saita injinsa. Mudu da tiya da buhu ba za su yi wannan aiki ba, domin cikarsu ta danganta ga hannun mai awo.

Matakin farko, ashe, sikeli ne da littafi. A rubuta kilo nawa aka zuba, kilo nawa ya fito, lita nawa aka ƙona, awa nawa inji ya tsaya da dalilin tsayawarsa. Mai injin da ya yi haka wata guda zai san inda kuɗinsa ke tafiya. Sa'an nan ne zai iya yanke shawara ko injin tsince tsakuwa ya fi bukata, ko na ɓarewa da roba, ko kuwa ajiye bel da rariya da man juye a kan kari ya ishe shi. Rigakafi dai ya fi magani.

Ɓuntu Da Dusa

A bayan kusan kowane ɗakin casa akwai tsibin ɓuntu, wani lokaci yana ci da wuta a hankali yana turnuƙe unguwa da hayaƙi. A lissafin da ya gabata, tan 54,000 na samfarera zai bar tan 10,800 na ɓuntu. Zafin da ke cikin kimanin kilo 3 na ɓuntu ya yi daidai da na lita ɗaya ta man gas. A Indiya da Tailan manyan kamfanonin casa da ɓuntunsu suke dafa ruwan turari, waɗansu har lantarki suke samarwa da shi. A nan kuwa matan da ke turara shinkafa suna sayen itace da tsada, a jihar da hamada ke matsowa kuma shiga daji ya zama kasada, alhali makamashi yana zube a bayan inji. Murhun da ke cin ɓuntu ba sabon abu ba ne a Nijeriya. Cibiyar AfricaRice ta kafa ingantaccen tsarin turari ga ƙungiyoyin mata a Lafiya ta Jihar Nasarawa a cikin 2016, ta kuma yi aiki a kan murhun ɓuntu domin rage cin itace. Maƙeran Talata Mafara za su iya ƙera irinsa in an nuna musu.

Dusa ita ma dukiya ce, domin tana da mai da sinadaran gina jiki, masu kiwon kaji da kifi da shanu suna nemanta. Sai dai injin ƙarfe yana haɗa ta da niƙaƙƙen ɓuntu, wanda dabba ba ta iya narkar da shi sosai, saboda haka darajarta ta faɗi. Injin da ke raba matakan biyu yana ba da dusa zalla a gefe, ɓuntu zalla a gefe, kowanne da kasuwarsa. Karyayyar shinkafa ma, in an tankaɗe ta dabam, masu tuwo da masu waina suna saye, lafiyayyar kuma ta sami farashinta cikakke.

Abin Da Ya Fi Ƙarfin Mai Inji

Adalci ne a faɗi cewa waɗansu asarorin ba laifin mai sana'a ba ne. Matsalar 'yan bindiga ta addabi waɗannan ƙananan hukumomi shekara da shekaru. A watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yan mata a makarantar Jangebe ta ƙasar Talata Mafara, a watan Agusta na shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a watan Satumba kuma hukuma ta rufe kasuwannin mako-mako da layukan waya, ta taƙaita sayar da mai, domin ta toshe wa ɓarayin hanya. Manomin da ke tsoron kwana a gona ba zai tsaya jiran laima ta daidaita ba, ranar da ya sami sarari ranar zai yanke. Wutar lantarki ita ma ba abin dogara ba ce. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin arewa sun yi fiye da mako guda a cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Waɗannan nauyi ne na gwamnati, babu littafin lissafin da zai sauke su. Amma tsadar mai da wahalar noma su ne ma suka sa kowace ƙwaya da ta iso bakin inji ta ƙara daraja, asararta kuma ta ƙara zafi.

Akwai kuma hatsarin da ya kamata masu tsara manufa su kiyaye. A tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya, yaɗuwar ƙananan injinan casa a farkon shekarun 1970 ta raba mata matalauta masu ɗimbin yawa da sana'ar surfe a cikin ɗan lokaci kaɗan. In aka ce gyara shi ne a kafa babban kamfani guda wanda zai saye samfarera duka ya turara da kansa, to matan Bakura da Maradun da ke ciyar da marayu da wannan sana'a su za su biya kuɗin gyaran. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a inganta aikin a hannun masu yinsa: tukunya mai rariya a ciki, da murhun ɓuntu, da wurin shanya na haɗin gwiwa, da ciniki a kan sikeli.

Aikin Hukuma Da Makarantu

Wannan yanki bai taɓa rasa murya a gwamnati ba. Daga 1999 zuwa 2023, uku daga cikin gwamnonin Zamfara 'ya'yansa ne: Alhaji Ahmad Sani daga Bakura, da Alhaji Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, da Alhaji Bello Matawalle daga Maradun, shekara 20 ke nan a tsakaninsu. Cibiyoyin da za su yi aikin ma suna nan. Akwai dokar awo da ma'auni ta 1974, akwai Hukumar Kula da Ingancin Kaya wadda aka kafa tun 1971, akwai Bankin Masana'antu, akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin TRIMING. Abin da ya rage shi ne a juya su su fuskanci ƙaramin mai inji.

Ma'aikatar ciniki da masana'antu ta jiha, tare da ƙananan hukumomin uku, za ta iya farawa da ƙidayar injinan da ke akwai, da irinsu, da abin da kowanne ke fitarwa daga kilo 100. Za ta iya kafa sikeli na hukuma a kasuwar Talata da sauran kasuwannin shinkafa, ta sa ma'aunin laima a hannun malaman gona. Wajen rance kuma, ya fi amfani a raba shi ƙanana ga masu injin da suka nuna littafin lissafinsu na wata shida, domin sayen abin da lissafin ya nuna suna bukata, da a zuba shi duka a kan ginin da za a buɗe da biki a rufe bayan shekara biyu. Kowane injin da za a saya da kuɗin jama'a, wajibi ne a tambaya tun farko: wa zai gyara shi, ina kayan gyaransa, da wace wuta zai yi aiki? Rashin amsa waɗannan tambayoyi ne ya kashe bututun yayyafi na Bakolori.

Ɗalibai su ma suna da rabonsu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana Talata Mafara, Kwalejin Aikin Gona tana Bakura. Tun 1973 akwai shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, amma da yawa kan ƙare a ofisoshi suna jiran a sa musu hannu a takarda. Ɗalibin injiniya ko na lissafin kuɗi da zai yi wata huɗu a ɗakin casa da sikeli da agogo da littafi, ya auna abin da ke shiga da abin da ke fita, ya gwada saiti dabam-dabam, zai bar wa mai injin ilmin da zai ƙara masa riba, shi kuma ya fita da sanin da ba a samu a allo. In malamai suka tattara irin waɗannan rahotanni shekara uku a jere, jihar za ta mallaki alƙaluman da za ta yi shiri a kansu.

Addini ya hana almubazzaranci, al'ada ma ta san darajar tsaba, shi ya sa tsofaffi ke tsince ƙwayar da ta zube a masussuka. Ruwan Bakolori an same shi da tsada, da gonakin mutane da gidajensu da rayukansu, gyaransa kuma da rancen da 'ya'ya da jikoki za su biya. Shinkafar da aka noma da wannan ruwa ta cancanci a auna ta a bakin inji, a san nawa ta shiga, nawa ta fito, a kuma nemi bayanin abin da ya ɓace a tsakani.